Koyar da Tattara Bayanai a Ƙananan Azuzuwan Firamare: Amsa ga Wata Malamar Aji Biyu

Wata malama da ke koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar firamare ta gwamnati ta aiko mini da tambaya, ga kuma taƙaitaccen abin da ta ce. Manhajar lissafi ta tanadi a koya wa yara tattara bayanai da nuna su a zane, amma kullum batun yakan faɗo a ƙarshen zango na uku, lokacin da jarrabawa ta ƙarato, sai ta kwafi zanen da ke cikin littafi a allo, yara su kwafa a littattafansu, a wuce wurin. Wani mai duba makarantu ya shawarce ta da ta riƙa shigar da batun cikin sauran darussa, sai dai bai nuna mata yadda za ta yi ba. Yaranta sun haura tamanin, ba ta da kwali, ba ta da fensir mai launi. Tana son ta san ko shawarar mai yiwuwa ce a aji irin nata, da kuma inda ya kamata ta fara.

Malama, shawarar mai yiwuwa ce, kuma a ganina ita ce hanyar da ta fi dacewa da wannan batu, domin tattara bayanai shi ne sashen lissafi da ba shi da kayan aikin kansa. Tarawa da ɗebewa ana iya yin su da lambobi tsura, amma bayanai dole su kasance game da wani abu: ruwan sama, ganye, haruffa, sana'o'in unguwa, ababen hawa. Waɗannan abubuwa kuwa suna cikin darasin kimiyya, da na Hausa, da na zamantakewa, da na kiwon lafiya, waɗanda ke da kanki kike koyarwa. Na daɗe ina horar da masu neman shaidar malanta, ina kuma bin su makarantu lokacin koyarwar gwaji, kuma abin da kika bayyana shi na fi cin karo da shi. A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da NERDC, hukumar tsara manhajar ilimi ta Najeriya, ta tsara, ƙididdigar yau da kullum ce ake jerawa a ƙarshen sassan lissafi, bayan ƙirga, da tarawa da ɗebewa, da awo da siffofi. Masu tsara aikin zango sukan bi jerin yadda ya zo, shi ya sa batun yake faɗawa makonnin da lokaci ya riga ya ƙure. Ba laifinki ba ne, amma gyaran yana hannunki, tun da babu wanda ya hana ki taɓa batun tun makon farko na shekara.

Abin da nake so ki fara gyarawa shi ne fahimtar me ake nufi da batun. Zanen da ke cikin littafi mataki ɗaya ne daga cikin huɗu. Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka, a jagorar koyarwa da ta amince da ita a 2005, ta jera su kamar haka: a yi tambaya, a tattaro bayanai, a tsara su a bincika, sannan a faɗi abin da suka nuna game da tambayar. Yaron da ya kwafi hoton 'ya'yan itatuwan da bai taɓa ƙirgawa ba, don amsa tambayar da babu wanda ya yi, ya koyi zane ne kawai. Saboda haka duk lokacin da za ki shirya irin wannan aiki, ki fara tambayar kanki ko akwai abin da ajin bai sani ba, wanda ƙirga za ta bayyana. Idan ke da yaran kun riga kun san amsar, ki nemi wata tambayar. Tambayar "ta yaya kuka zo makaranta yau?" tana cikin littattafai da yawa, amma a makarantar da kusan kowane yaro da ƙafa yake zuwa, ba za ta haifar da komai ba sai dogon layi guda da yara biyu ko uku a gefe.

Tushen aikin shi ne rarrabewa, kuma a nan yaranmu sun zo da jari daga gida. Yarinyar da ke taya mahaifiyarta tsince wake ta riga ta san ware mai kyau daga mai huji da tsakuwa, wato ta san bin ƙa'ida guda wajen raba tarin abubuwa. A darasin kimiyya, ranar da za ki koyar da tsirrai, ki sa kowane yaro ya tsinto ganye ɗaya a hanya: na dogonyaro, na mangwaro, na zogale, na kuka, duk abin da ya samu. Ki bar su su fara rabawa yadda suka ga dama, sannan ki tambaye su dalilin da ya sa wannan ganye ya shiga nan bai shiga can ba. Wasu za su raba da girma, wasu da launi, wasu da cewa wannan ana miya da shi, wancan ba a yi. Duka daidai ne, muddin an riƙe ƙa'ida ɗaya har ƙarshe. Inda za ki tsaya ki daɗe shi ne lokacin da yaro ya fara da girma, ya koma launi a tsakiya bai lura ba, domin nan ne ainihin darasin. Daga baya ki raba da kanki ba tare da kin faɗi ƙa'idarki ba, ki ce su gano ta.

Idan sun saba da wannan, ki shata manyan da'ira biyu a ƙasa waɗanda suka shiga juna, irin zanen da John Venn ya fito da shi a Ingila a 1880, ko da yake yara ba su da buƙatar sunansa. Ki ce da'ira ɗaya ta masu tashi sama ce, ɗayar ta masu shayar da 'ya'yansu. Akuya da tunkiya sun sami wurinsu, tattabara da shaho sun sami nasu, sai ki kawo jemage. Za ki ga gardama ta kaure, kuma wannan gardama ita ake nema, domin jemage yana tashi kuma yana shayarwa, wurinsa tsakiya. Sai ki kawo jimina, wadda tsuntsuwa ce amma ba ta tashi kuma ba ta shayarwa, su gane cewa akwai abin da wurinsa wajen da'irorin biyu yake. A minti ashirin kin koyar da kimiyya ta gaskiya, kin kuma kafa tubalin da duk wani jadawali zai hau kansa nan gaba.

Game da tsarin tafiya daga nan, ina bin abin da Jerome Bruner, masanin yadda yara suke koyo, ya bayyana a 1966, cewa yaro yakan fahimci abu da farko ta hanyar yi da jiki, sannan ta hoto, sannan ta alama kamar lamba. A wannan batu ma'anarsa ita ce yaran da kansu su fara zama zanen, sannan abu ya wakilce su, sannan hoto ko zane a allo, lamba kuwa ta zo a ƙarshe. Bari in ba ki misalin da na fi so, wanda darasin Hausa ne da lissafi a lokaci guda, wato sunayen rana. Ladi da Ɗanladi, Altine da Ɗanliti, Talatu da Ɗantala, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Bayan kin koyar da su, ki yi tambayar da babu wanda ya san amsarta, har ke: wace rana ce aka fi haihuwar 'yan ajinmu? Ki ba su aikin gida guda, kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa ranar da aka haife shi. Washegari ki fitar da su fili, ki ja dogon layi a ƙasa da sanda, ki rubuta ranakun mako a bayansa, kowa ya tsaya a gaban ranarsa.

Abubuwa uku za su faru a filin nan, kuma kada ki yi saurin gyara ko ɗaya. Na farko, wani layin zai yi tsawo don yaran sun ba da tazara, wani ya gajarce don sun matsu, sai a yi ta musu a kan wanda ya fi yawa. Ki bar su su nemi mafita. Galibi wani yakan ce kowa ya riƙe hannun na kusa da shi a ɗaya layin, ko a shata wa kowa gida daidai da na ɗan'uwansa. Yaron da ya gano haka da kansa ya fahimci dalilin da ya sa gidajen zane suke zama daidai wa daida, ya kuma fahimci dalilin da ya sa kowane layi yake tashi daga tushe ɗaya, abin da wasu 'yan sakandare ma suke yi da ka kawai. Na biyu, za a sami yaran da ba a gaya musu ranar ba, ko aka manta a gida. Kada ki ce su zaɓi ranar da suke so, kada kuma ki mayar da su aji. Ki buɗe musu layi na takwas, ki rubuta "ba a sani ba". Ina ɗaukar wannan layi da muhimmanci ƙwarai, domin a nan ne yaro yake fara koyon cewa ba a cike giɓin bayani da ƙage, kuma ɗabi'a ce da muke buƙata a wurin duk wanda zai riƙe rajista ko littafin asibiti idan ya girma. Na uku, mai yiwuwa a sami wani Ɗanjuma a layin Talata, saboda sunan kakansa aka mayar masa. Wannan ya mayar da ke darasin Hausa, ki yi bayanin yadda ake mayar da suna, su kuma su ga cewa ƙirga tana iya tono abin da zato ya rufe.

Da yake wanda ke cikin layi ba ya ganin layukan duka, dalilin matsawa mataki na biyu ya samu da kansa. Ki sa kowane yaro ya ajiye marfin kwalbar lemo ɗaya a inda ya tsaya, su ja da baya su kalla. A nan yawan yaranki ya zama alheri, domin aji mai yara goma sha biyar ba ya ba da layukan da za a kwatanta sosai, naki kuwa zai bayar. Marafan kwalba sun fi tsakuwa saboda girmansu ɗaya, kuma yara za su tara miki ɗaruruwa a mako guda ba tare da kin kashe ko sisi ba. Ƙwallon dabino ma yana yi, haka guntayen kara idan an yanka su daidai. Kafin a kwashe, ki sa a ƙirga kowane layi, a tara jimla, a gwada da adadin da kika kira a rajista da safe. Idan rajista ta ce 83 suka zo, marafai suka ba da 85, to marfi biyu sun yi ƙari, sai an nemo wanda ya ajiye fiye da ɗaya. Wannan tantancewa tarawa ce mai dalili, kuma ta fi shafi guda na lissafin da aka rubuta a allo amfani.

Ƙirga da zane-zanen tsaye, inda ake ja huɗu a ɗaure su da na biyar a gicciye, tana da lokacinta, kuma kuskure ne a koyar da ita a inda ba a buƙatarta. Abin da ke tsaye ana ƙirga shi kai tsaye. Abin da ke wucewa shi ne yake buƙatar a ja masa zane nan take kafin ya ɓace. Saboda haka ranar da darasin zamantakewa ya zo kan sufuri, ki zaunar da rukuni ɗaya daga cikin harabar makaranta inda suke hango titi, minti goma, wasu su lura da babur, wasu da A Daidaita Sahu, wasu da keke, wasu da mota, wasu da amalanke ko kura. Ki ce musu na biyar ɗin igiya ce da ke ɗaure dami, za su kama nan da nan, sannan ƙirga damman ta zama ƙirga biyar-biyar da kike koyarwa a lissafi. Yaran sun ma taɓa ganin manya suna wannan aiki, domin ma'aikatan rigakafin shan-inna da ke bi gida-gida suna cike takardar ƙirga, suna rubutu da alli a jikin bango, suna shafa tawada a yatsan yaron da aka ɗiga wa don kada a ƙirga shi sau biyu. Ki tuna musu da wannan. Idan kin sami dama ki maimaita ƙirgar ababen hawan a ranar kasuwa, a kwatanta da ta ranar da ba kasuwa.

A kimiyya akwai ayyuka biyu da ba na gajiya da ba da shawararsu. Ɗaya shi ne tsirar iri. A sami gwangwani uku da ƙasa iri ɗaya, a shuka wake goma, masara goma, gero goma, a riƙa ba su ruwa daidai, kowace safiya yara biyu su ƙirga waɗanda suka tsiro su rubuta a kusurwar allo. Kafin a shuka, ki tambaye su ko zai yi adalci a sa wake ashirin da masara biyar, ki ji abin da za su ce. 'Ya'yan manoma za su yi hasashe da ƙarfin gwiwa, ki rubuta hasashen, a dawo masa bayan mako. Na biyu shi ne jadawalin yanayi, inda kowace rana ake sa alama ɗaya: rana, hadari, ruwa, ko hazo. Wahalarsa tana wajen yarjejeniya, kuma nan ne amfaninsa. Yayyafi ruwa ne ko ba ruwa ba ne? Ruwan da aka yi da dare na jiya ne ko na yau? Da wane lokaci za mu riƙa duba sama? Asabar da Lahadi fa, da ba ma makaranta? Sai ajin ya tsayar da magana guda, a rubuta ta, kowa ya bi. Ki ajiye jadawalin Janairu, ki fito da shi a Yuli a jera su. Watan da ya fi ruwa a ƙasar Hausa, daga Kano da Katsina har Maraɗi da Damagaram, galibi Agusta ne, kuma yakan faɗo cikin dogon hutu, don haka 'yan aji uku za su iya ɗaukar aikin zuwa gida, kowa ya ja zane ɗaya duk ranar da aka yi ruwa. Idan aka dawo aka ga adadinsu ya sha bamban, kin sami darasi a kan dalilin da ya sa masu ƙirga abu ɗaya suke saɓawa.

A darasin karatu, ki rubuta karin magana biyu ko uku a allo, ki raba wasulan nan biyar ga rukunoni biyar, kowa ya ƙirga nasa. Za su tarar cewa "a" ya yi wa sauran fintinkau, kuma idan aka sake da wani rubutun haka za a sake samu, domin haka Hausa take. Yaron da ke neman kowane "u" a cikin jimla yana duban kalma harafi bayan harafi, abin da mai koyon karatu yake buƙata ke nan. Haka za ki yi da haruffa masu lanƙwasa, a ƙirga ɓ da ɗ da ƙ, a bambanta su da b da d da k.

A kiwon lafiya, tambayar inda gidajenmu suke samun ruwan sha tana da kyau: rijiya, famfo, rijiyar burtsatse, rafi, ko 'yan garuwa. Sai dai za a sami gidan da ke amfani da biyu, ki sa a tsayar cewa wanda aka fi amfani da shi za a faɗa. Ga 'yan aji uku za ki iya ba da labarin likitan nan John Snow, wanda a 1854, lokacin annobar kwalara a birnin Landan, ya bi ya ƙirga gidajen da aka yi mutuwa, ya ga sun taru a kewayen famfo guda, har hukuma ta cire hannun famfon. Yara suna riƙe labarin, kuma yana nuna musu cewa ƙirga tana iya kai wa ga ɗaukar mataki.

A nan dole in yi miki gargaɗin da nake yi wa kowane ɗalibina, domin na taɓa ganin abin da ya dame ni. Wani mai koyarwar gwaji, da kyakkyawar niyya, ya tambayi yara abin da kowa ya karya kumallo da shi, ya sa su tsaya layi-layi. Aka sami layin shayi da burodi, da na koko da ƙosai, da na ɗumame, sai wasu yara ƙalilan suka tsaya a gefe kansu a sunkuye, domin ba su ci komai ba. Darasin ya tafi daidai ta fuskar lissafi, amma an tona asirin gidaje a gaban aji. Duk tambayar da za ta fallasa talauci, ko maraici, ko yawan matan uba, ko ƙabila, ko makin jarrabawa, ko ƙiba da rama, ki bar ta, ko da tana cikin littafi. Tambayar ruwan sha ma, idan kin san unguwarku za ta mayar da ita abin gori, ki karɓi amsar a ɓoye, kowa ya jefa marfi a gwangwanin da ya dace a bayan allo. Wannan hanya tana maganin wata matsalar kuma, wato yara su bi abin da abokinsu ko jarumin aji ya zaɓa. Da ita za ki gudanar da zaɓen monita, a zube marafan a gaban kowa a jera a ƙirga, darasin zama ɗan ƙasa ya samu a aikace.

Zanen hotuna da manhaja ta ambata sai ya zo bayan duk wannan, kuma a lokacin ba zai ba su wuya ba. Ƙa'idarsa guda ce, wadda Otto Neurath da abokan aikinsa suka kafa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarun 1920: idan abu ya fi yawa, a maimaita hoton, kada a ƙara masa girma. Yara sukan zana babbar mota ɗaya ta cinye wurin kekuna huɗu, sai layin mota ya fi tsawo alhali kekuna sun fi yawa. Maganinsa littafin lissafi mai gidaje, hoto ɗaya a gida ɗaya, ko ki yanka takardu daidai da juna daga tsofaffin littattafai, kowa ya yi zanensa a ɗaya, a manna da ƙullun rogo ko ƙaro. A aji ɗaya da na biyu hoto ɗaya ya tsaya a madadin abu ɗaya. Sai a aji uku, bayan sun iya ƙirga bibbiyu da biyar-biyar, za ki sa hoto ɗaya ya wakilci biyu ko biyar, kuma ki bari buƙatar ta taso da kanta, ranar da layin babura ya ƙi shiga allo. Idan aka cike gidajen da alli maimakon hoto, an sami zanen ginshiƙai, wanda William Playfair ya fara bugawa a 1786, amma ba sai kin yi gaggawar kai su can ba.

Inda na fi ganin malamai suna gajartawa shi ne bayan an gama zanen, a tafa, a goge allo. Alhali rabin aikin yana cikin tambayoyin da za a yi a kansa. Frances Curcio, masaniyar koyar da lissafi, a binciken da ta wallafa a 1987, ta bambanta matakai uku na karanta zane. Akwai karanta abin da ke rubuce, kamar "yara nawa aka haifa ran Laraba?" Akwai kwatantawa da haɗawa, kamar "da nawa 'yan Juma'a suka fi 'yan Asabar?" ko "nawa ne 'yan Litinin da Talata a haɗe?" Akwai kuma wuce abin da ke zanen, kamar "idan muka tambayi ɗaya ajin biyun, kuna ganin Juma'a ce za ta sake yin gaba?" Yawancin littattafai a matakin farko suke tsayawa. Ki lura sosai da tambayar "da nawa ya fi", domin yaro yakan amsa da adadin layin da ya fi tsawo gaba ɗaya. Ya saba da ɗebewa a matsayin a kwashe wani abu daga tari, bai saba da ita a matsayin tazara tsakanin abu biyu ba. Ki sa ya haɗa marafan layukan biyu ɗaya da ɗaya, ya ƙirga waɗanda suka rasa abokin haɗi. Ki yi wannan tattaunawa da harshen da yaran suke tunani da shi, kalmomin Ingilishi na jarrabawa su biyo baya idan ma'anar ta zauna. Lokaci-lokaci kuma ki jefa tambayar da zanen ba zai iya amsawa ba, misali "wa ya fi tsufa a ajin nan?", su koyi cewa "wannan zanen bai faɗa ba" amsa ce ingantacciya.

Ta fuskar lokaci, ba na ba ki shawarar ki mayar da kowane darasi na ƙirga. Bincike ɗaya a mako biyu ko uku ya isa, wato kamar huɗu a zango. Tambayar ta taso a darasin da ta fito, a tattara bayanan a can, a kai su darasin lissafi a tsara a yi tarawa da kwatantawa, sannan a mayar da sakamakon darasin asali a ce me muka gano game da iri, ko ruwa, ko haruffa. Ma'aunin da nake amfani da shi wajen duba ɗalibaina shi ne ko ɗaya darasin ya ƙaru da wani abu. Idan an ƙirga ganye amma ba a san komai sabo game da tsirrai ba, an ci lokacin kimiyya ne kawai. A littafin shirin darasinki ki rubuta manufa biyu, ta lissafi da ta ɗaya darasin, domin shugaban makaranta da mai dubawa su ga cewa ba ki kauce wa manhaja ba. Wajen auna fahimta kuwa, ki kira yara biyar-biyar, ki zube musu marafai masu launi uku a cakuɗe, ki ce su nuna miki wanne ya fi yawa ta yadda mai wucewa zai gane ba sai ya ƙirga ba. Wanda ya raba, ya jera daga tushe ɗaya, ya daidaita tazara, ya fahimta. A makonnin ƙarshe na zango na uku sai ki kawo zanen littafin, su saba da fasalin tambayar jarrabawa.

Don farawa, ranar Litinin mai zuwa ki ajiye gwangwani biyu a bakin ƙofa, ɗaya na 'yan mata, ɗaya na maza, kowa ya jefa marfi ɗaya idan zai shiga. Bayan kiran rajista yara biyu su jera su a kan tebur, a ƙirga, a gwada da rajistar, a rubuta adadin a gefen allo inda ba za a goge ba. Ranar Juma'a za ki sami adadin kwana biyar a jere, sai ki tambaye su wace rana ce aka fi rashin zuwa, da abin da suke ganin ya jawo haka.